Girman Inji Ba Shi Ne Yawan Ruwa Ba: Faɗakarwa Ga Masu Kiwon Kifi Haɗe Da Shuka A Gida

Akwai wata shawara da ta yaɗu a tsakanin masu kiwon kifi haɗe da shuka a cikin gida, wadda ake bai wa duk wanda ya tashi sayen injin tura ruwa, cewa ya ɗauki mafi girman da aljihunsa zai iya, domin wai ruwa ba ya yi wa kifi yawa, kuma gara a samu rara da a samu giɓi. Shawarar ta karɓu saboda sauƙin riƙewa, masu sayar da kayan famfo kuma ba su da dalilin musanta ta tunda babban inji ya fi kawo riba, amma abin da take haifarwa shi ne ɓarnar wuta, da wahalar da kifi, da ruɓewar saiwa, har wasu su watsar da harkar suna cewa ba ta dace da ƙasa mai zafi ba, alhali tun a shago aka tafka kuskuren.

Wannan tsari, wanda ake kira akwafonik, ruwa ɗaya ne yake zagayawa tsakanin tankin kifi da kwamin shuka: kifi yana fitar da sinadarin amoniya wanda guba ne a gare shi, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin tsakuwa suna juya amoniyar zuwa naitirait sannan zuwa naitiret, shuka kuma ta zuƙe naitiret ɗin a matsayin taki, ruwan ya koma wa kifi da tsabta. Binciken da James Rakocy ya jagoranta a Jami'ar Tsibiran Bajin tun cikin shekarun 1980 yana cikin ayyukan da suka kafa shi a matsayin hanyar noma ta zamani. Inji shi ne yake riƙe da zagayawar, dare da rana.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a littafin da ta fitar a shekarar 2014 kan ƙananan tsare-tsaren akwafonik, ta ba da ƙa'ida mai sauƙi, wato dukkan ruwan da ke cikin tsarin ya zagaya sau biyu a kowace awa idan kifi ya yi yawa a tanki, ko sau ɗaya idan kifin kaɗan ne, kuma ta sa iyakar kifi a kilo 20 ga kowace lita 1,000 ta ruwa. Ke nan mai tsarin da ruwansa duka lita 1,000 ne yana buƙatar gudun ruwa na lita 1,000 zuwa 2,000 a awa, ba fiye ba. Littafin ya kuma kawo ƙiyasin cewa ƙaramin injin da ake nutsarwa cikin ruwa yana tura kimanin lita 40 a awa da kowane wat ɗaya na wuta, wanda ke nufin aikin lita 2,000 a awa aikin inji ne mai wat 50 ko abin da ya ɗara haka kaɗan.

Idan aka ɗora wannan lissafi a gefen abin da mutane suke saye, sai ɓarnar ta fito fili. Injin da aka fi miƙa wa mai saye shi ne wanda aka saba tura ruwa da shi daga ƙasa zuwa tankin saman gida, mai ƙarfin rabin doki ko doki ɗaya, wato wat 370 ko 746, wani lokaci ma har da injin rijiyar burtsatse. Irin waɗannan injuna an ƙera su ne don su harba ruwa sama mai nisa, mita 30 ko fiye, na ɗan lokaci, sannan a kashe su. Ƙarfinsu a matsi yake, ba a yawan ruwa ba. Injin rabin doki na irin wannan ƙira iyakar abin da yake bayarwa bai wuce lita 35 zuwa 40 a minti ba, wato lita 2,100 zuwa 2,400 a awa, wanda kusan daidai yake da abin da ƙaramin inji mai wat 60 yake bayarwa idan tsayin da zai hau kaɗan ne. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya sha wuta ninki shida, ruwan kuma bai ƙaru ba. Inji mai wat 370 da ke aiki awa 24 yana cin kusan yunit 9 na wuta a rana, sama da yunit 260 a wata, mai wat 60 kuwa bai kai yunit ɗaya da rabi a rana ba, wato kimanin 43 a wata. Abin takaici ne a ga magidancin da ya fara wannan harka don ya rage kuɗin cefane ya koma yana zuba wa janareta man da ya fi ƙarfin duk latas da tumatirin da kwaminsa zai bayar, tamkar wanda ya ɗauko tirela don kai buhun gero ɗaya kasuwa.

Ko da babban injin na irin masu tura ruwa da yawa ne, illarsa ba ta tsaya a kuɗin wuta ba. Kashin kifi da ragowar abinci suna fita daga tanki cikin sauƙi ne muddin suna dunƙule, amma ruwa mai ƙarfi yana farfasa su su zama gari-gari, su ƙi kwanciya a matata, su riƙa yawo suna toshe gaɓar numfashin kifi suna liƙewa a saiwa, saiwar da ta lulluɓe da ƙazanta kuwa ba ta samun iska, sai ta yi baƙi ta ruɓe. Kifin kansa, karfasa ne ko tarwaɗa, idan ya wuni yana kokawa da igiyar ruwa a cikin tankin da ba shi da wurin fakewa, abincin da ya kamata ya zama nama sai ya tafi wajen iyo. Mai lura zai gan su sun taru a kusurwa ɗaya, kawunansu duka suna fuskantar inda ruwa ke fitowa, abincin da aka watsa musu kuma yana wucewa ta kansu zuwa magudana kafin su cafke shi.

A kwamin tsakuwa mai cika da janyewa matsalar ta fi bayyana. Irin wannan kwami yana da wata mazuƙa da aka kifa wa bututu mai rufaffen kai, wadda idan ruwa ya kai wani tsayi take fara zuƙe shi gaba ɗaya, idan ya yi ƙasa kuma ta shaƙi iska ta tsaya, kwamin ya sake cika, kuma wannan hawa da sauka shi ne yake shigar da iska tsakanin tsakuwa domin saiwa da bakteriya. Idan ruwan da ke shigowa ya yi yawa, mazuƙar ba ta samun damar shaƙar iska ta yanke, sai ta yi ta gurnani tana zuƙa ba tsayawa, ruwa ya tsaya a gindin kwami, saman tsakuwa ya bushe, ƙananan dashe su yanƙwane da rana tsaka alhali inji yana ta ruri. Haka kuma babban inji yana iya kwashe ruwan ƙaramin tankin ƙasa da yake ɗiba daga ciki kafin ruwan da ya tafi ya dawo, ya koma yana juyi a bushe, injin da ruwa ke sanyaya shi kuwa ba ya daɗewa a haka bai ƙone ba. Ga kuma zafi: injin da ke cikin ruwa duk zafinsa a ruwan yake zubarwa, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar oksijin sosai, domin wanda ke kan digiri 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 a lita, wanda ke kan digiri 30 kuma kimanin 7.5 kawai, alhali tsarin yana son a tsaya sama da 5. A wurare irin su Kano da Sakkwato da Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙara wa tanki zafi da hannun mai shi ganganci ne.

Ya kamata a yi wa masu wannan shawara adalci ta fuska ɗaya, domin ba daga sama ta faɗo ba. Yawanci mutum ya taɓa sayen ƙaramin inji bisa lambar da ke jikin kwali, ya haɗa shi ya ga ruwa yana tsiyaya kamar ba ya so, sai ya yanke hukuncin cewa ƙananan injuna yaudara ne. Gaskiyar ita ce lambar da aka rubuta da alamar Qmax tana nufin ruwan da inji ke bayarwa idan ba zai hau ko'ina ba, wadda aka rubuta da Hmax kuma tsayin da ruwan ke tsayawa cak ne, ba ɗigo. Tsakanin waɗannan biyu gudun ruwa yana raguwa ne yayin da tsayi ke ƙaruwa, kuma kamfanonin kirki suna buga zane ko jadawali a jikin kwali da ke nuna lita nawa ake samu a kowane tsayi. Maganin wanda ya karanta kwali ba daidai ba shi ne ya koyi karanta shi.

Don haka mai son zaɓen inji sai ya fara da haɗa jimillar ruwansa. A ɗauki tsarin da ke da tankin kifi na lita 1,000, irin farin tankin nan mai kejin ƙarfe, da kwami biyu masu faɗin mita 1 da tsawon mita 1.2 da zurfin santimita 30, da tankin ƙasa mai lita 300. Kowane kwami lita 360 ne, amma tsakuwa ta cinye mafi yawan wurin, ruwan da ke ciki bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko ɗan fiye ba, wato wajen lita 120 zuwa 140, sai jimilla ta kama kimanin lita 1,500. Idan kifi kaɗan ne ana neman lita 1,500 a awa, idan tanki ya cika kuma 3,000. Daga nan sai a ɗauko tef a auna tsayi, kuma ana aunawa ne daga saman ruwan da inji ke ciki, lokacin da ya fi yin ƙasa, zuwa wuri mafi tsayi da bututu ke zubar da ruwa, ba daga gindin tanki ba kamar yadda da yawa suke yi. Idan tsayin mita 1.5 ne, injin da aka rubuta masa lita 3,000 a awa da iyakar tsayi mita 3 zai ba da wajen rabin lambarsa, wanda ya ishi tsarin mai kifi kaɗan, wutarsa kuma ba za ta yi nisa da wat 75 ba. Ana ƙara ɗan rara, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, saboda gogayyar ruwa da bututu da dattin da zai taru a farfela, kuma wannan ita ce iyakar rarar da hankali ya yarda da ita.

Rarar ma akwai yadda ake sarrafa ta. Ana sa mararraba a bututun da ya fito daga inji, reshe ɗaya ya tafi kwami, ɗayan mai makulli ya koma tankin kifi yana zubowa daga sama, ta yadda ruwan da ya yi yawa zai zama hanyar shigar da iska. Ba a taɓa matse inji ta bakin da yake shan ruwa, ta mafita ake ragewa. Bututu kada ya gaza faɗin bakin injin, gwiwoyi kuma a rage su iya yiwuwa, domin siririn tiyo mai lanƙwasa da yawa yana iya cinye abin da ya sa aka sayi injin. Bayan an haɗa komai, jarka mai lita 20 da agogon waya sun isa gwaji: a tara ruwa a inda yake zubowa, idan jarkar ta cika cikin daƙiƙa 36 gudun lita 2,000 ne a awa, idan ta ɗauki 48 lita 1,500 ne, idan ta kai 72 kuma 1,000. Wanda ya rubuta wannan lamba a ranar farko, ya riƙa maimaita gwajin lokaci-lokaci, zai san ranar da farfela ke buƙatar wanki tun kafin kifi ya fara hawa sama yana haki. Masu shuka a cikin bututu, inda ruwa ke bi siriri ƙarƙashin saiwa, lita 1 zuwa 2 a minti ta ishi kowane bututu.

Wanda aka kawo wa inji daga Amurka ya lura cewa lambarsa galan ce, galan ɗaya kuma lita 3.8 ne, sannan an yi shi ne don wuta mai bolt 120, ba 220 zuwa 230 da ake amfani da ita a Nijeriya da Nijar ba. A guji inji mai mai a ciki ko mai sassan tagulla, domin dukansu guba ne ga kifi.

Inda wuta ba ta tsayawa, ƙanƙantar inji ita ce take sa a iya riƙe shi da batir. Inji mai wat 50 da zai kwana awa 12 yana aiki yana buƙatar wat-awa 600, wato amfiya-awa 50 a batir mai bolt 12, kuma tunda batirin dalma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, mai amfiya-awa 100 ake nema, wanda faifan sola matsakaici zai iya cikawa da rana. Injin rabin doki kuwa sai an jera irin wannan batir bakwai ko takwas kafin ya kai asuba. Masu kiwon tarwaɗa sukan yi sakaci a nan saboda kifinsu yana da gaɓar shaƙar iska daga sama kuma yana jure ruwa maras iska, suna mantawa cewa bakteriya da saiwa ba su da wannan gaɓa, kuma idan bakteriyar ta mutu sai an ɗauki makonni kafin ta sake kafuwa, amoniya kuwa tana ta taruwa a tsakanin. Kuɗin da aka tanada da ƙin sayen babban inji ya fi dacewa a raba shi biyu, a sayi ƙaramin injin hura iska mai zaman kansa, sannan a ajiye injin ruwa na biyu irin na farko a cikin kwalinsa, domin ranar da na farko ya tsaya a sauya shi cikin minti kaɗan.