Daga Masaka zuwa Masaka: yadda malaman Najeriya ke rayuwa a Yuganda

Ma'aikacin da ke zaune a Masaka, a ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, ya san cewa wanda bai bar gida da asuba ba zai sha zama a cunkoson Mararraba da Nyanya kafin ya ga ƙofar Sakatariyar Gwamnatin Tarayya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai wata Masaka a ƙasar Yuganda, kimanin kilomita 130 kudu maso yamma da Kampala, kusa da Tafkin Victoria. Ƙasar tana cikin waɗanda Najeriya ta daɗe tana tura wa malamai, kuma ga ma'aikacin da ke tunanin neman wannan tafiya, sanin yadda ake ci da sha da zirga-zirga a can yana da nauyi kamar sanin abin da za a biya shi.

Asalin shirin

A shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, aka kafa shirin tura ƙwararru zuwa ƙasashen waje, wanda aka fi sani da TAC. Hikimar da ke bayansa ita ce, kuɗin agaji kan narke a hannun gwamnatoci ba tare da an ga amfaninsa ba, amma malami ko likita yana barin aikinsa a cikin mutane. Saboda haka Najeriya ta zaɓi ta riƙa aika ma'aikata zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na tsawon shekara biyu. Najeriya ce ke biyan alawus da kuɗin jirgi, ƙasar da ta karɓi baƙo kuma ta ba shi masauki. Hukumar tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, kuma a 2023 aka naɗa Yusuf Buba Yakub, tsohon ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Adamawa, ya shugabance ta.

Daga cikin makarantun Yuganda da suka saba karɓar malaman akwai Jami'ar Musulunci da ke Mbale, wadda Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta buɗe a 1988, takwarar wadda ke garin Say a Jamhuriyar Nijar.

Tuwon ayaba da miyar gyaɗa

Jarrabawar farko da baƙo ke fuskanta tana cikin kwano. Babban abincin tsakiyar Yuganda shi ne matoke, wato ɗanyar ayaba da ake ferewa a naɗe da ganyenta a turara, sannan a daka ta ta yi laushi. Ba ta da zaƙi, kuma da miyar gyaɗa ko wake ake cin ta. Akwai posho, wanda ba shi da maraba da tuwon masara sai dai ya fi tauri. A bakin titi kuma ana sayar da rolex, wainar fulawa mai faɗi da ake naɗe soyayyen ƙwai da tumatir da kabeji a ciki, abincin ɗalibai da duk mai sauri.

Abin da harshen Bahaushe ke fara nema ya rasa shi ne yaji, domin girkin ƙasar ba ya son barkono da yawa. Wannan ne ya sa mai dabara ke sa garin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin citta a cikin kayansa, a ƙulle da kyau, ya kuma bayyana su ga jami'an kwastan idan an tambaya. Batun nama ba ya tayar da hankali sosai, don ko da yake Musulmi ba su kai kashi 15 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, al'ada ta bar musu yanka a mahautun manyan garuruwa. Duk da haka ana sayar da naman alade a fili a wuraren gashi, don haka tambaya kafin ci wajibi ce.

Masakar Yuganda ta shahara da nsenene, wani nau'in fara mai dogon ƙaho da ke fitowa da damina, musamman a watan Nuwamba. Da dare ake kunna fitilu masu ƙarfi a jingina kwanon rufi a bakin ganguna, farar ta bi haske ta zame ciki. Baƙon da ya taso da soyayyar fara ta Maiduguri ko Katsina ba ya buƙatar a lallashe shi.

Aji da titi

Turanci ne harshen koyarwa, amma Turancin Kampala da na Abuja ba su da lafazi ɗaya. Malamin da ya rage sauri, ya kuma rubuta muhimman kalmomi a allo a makonnin farko, ya fi saurin samun kan ɗalibai. Kalmomin gaisuwa kaɗan a Luganda, ko a harshen Bagisu ga wanda aka tura Mbale, suna rage tsadar kaya a kasuwa. A ƙasar Buganda mata da yara kan durƙusa su gai da babba, ladabin da ba baƙo ba ne ga mutumin Arewa.

A kan titi kuwa akwai haɗari na gaske: a hannun hagu ake tuƙi, saɓanin Najeriya, don haka mai tsallakawa sai ya sake koya wa idonsa inda zai fara duba. 'Yan acaɓa, waɗanda ake kira boda boda, su ne suka cika gari, kuma hular kwano ba abin wasa ba ce. Babu hunturu, damina kuma biyu ce a shekara. Da yake ƙasar tana kan layin da ya raba duniya biyu, tsawon yini ba ya sauyawa sosai, azumi ba ya wuce kimanin awa 13 a kowane wata ya faɗo.

Yawon buɗe ido da ƙaramin aljihu

Hutun zangon karatu shi ne damar ganin ƙasa. Daga Mbale, tafiyar kusan awa ɗaya ke kai mutum magangarar ruwa ta Sipi a gindin Dutsen Elgon, yankin da ake noman gahawa. A Jinja ne Kogin Nilu ke fita daga Tafkin Victoria ya nufi Sudan da Masar. A kan hanyar Kampala zuwa Masaka akwai Kayabwe, inda aka kafa alamar tsakiyar duniya, matafiyi ya tsaya ƙafa ɗaya a arewa, ɗaya a kudu. Daga Bukakata kusa da Masaka jirgin ruwa ke tsallakawa zuwa tsibiran Ssese. Mai son ganin Kampala gaba ɗaya kuma sai ya hau hasumiyar babban masallacin ƙasa da ke Tsohuwar Kampala, wanda Libiya ta ɗauki nauyin kammala shi.

Gidan da aka bari

Nauyin tafiyar ba a kan matafiyi kaɗai yake ba. Mai gidan haya a Masaka ko Ado ba ya jiran shekara biyu, haka ma kuɗin makarantar yara. Kafin a tashi, ya kamata ma'aikaci ya karɓi takardar sahalewa daga ma'aikatarsa a rubuce, ya fahimci matsayin albashinsa da ƙarin girmansa da fanshonsa a lokacin da ba ya nan, ya tanadi kuɗin wata biyu ko uku ga iyali saboda alawus kan yi jinkiri a kowane aikin gwamnati. Katin rigakafin shawara dole ne a filin jirgin Entebbe. Yuganda tana gaban Najeriya da awa biyu, abin da ke nufin cewa lokacin da yara suka gama cin tuwon dare a nan, uba yana shirin kwanciya a can, sai an tsayar da lokacin waya an kiyaye shi.

Tun 2024 kamfanin Uganda Airlines ya fara jigila tsakanin Entebbe da Abuja, abin da ya sauƙaƙa zuwa gida idan larura ta taso. Wanda ya shirya gidansa kafin ya tashi shi ne ke samun natsuwar tsayawa gaban allo, kuma da irin wannan malami ne ɗalibin Mbale zai auna Najeriya.