Gasfara, Dutsen da Hisabi Ya Riga Ido Saninsa

Ya kai mai karatu, ka sani tsakanin Mirrihi da Mushtari akwai wani sarari mai faɗin gaske inda dubban duwatsu ke kewaya rana, kowanne bisa falakinsa, waɗanda masana ilmin taurari suke ganin ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su ne, ƙarfin jan Mushtari ya hana su haɗuwa su zama duniya guda. Babbansu, Siris, wani malamin Italiya mai suna Fiyazi ya gano shi ran 1 ga Janairu, 1801. Amma wanda nake nufin ba da labarinsa ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa kimanin kilomita 18 ne kacal.

A daren 30 ga Yuli, 1916, wato ƙarshen watan Azumi na 1334 bayan Hijira, sa'ad da Turai ke cikin wutar Yaƙin Duniya na Farko, wani masani ɗan Rasha, Girigori Nujmin, ya tsinkayi wannan dutse daga gidan duban taurari na Simeyiz a yankin Kirimiya. Kada a zaci da ido ya hango shi, domin a wancan zamani dabarar da Bajamushe Maks Wolf ya fito da ita a 1891 ta riga ta yaɗu: a ɗora faifan hoto a bayan madubin hangen nesa, a bar shi buɗe tsawon sa'o'i yana bin tafiyar sama, sai taurari na ainihi su fito ɗigo-ɗigo, shi kuwa dutsen, da yake matafiyi ne, ya bar ɗan zane kamar ƙwarzanen farce. Aka shigar da shi daftari da lamba 951, aka raɗa masa Gasfara, sunan wani garin shan iska a bakin Bahar Aswad inda marubucin nan Tolstoi ya taɓa zama jinya.

To, a nan abin al'ajabin yake, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar tsayawa. Tun da masanin lissafi Gaus ya nuna cewa wanda ya auna matsayin irin wannan dutse a darare uku yana iya fitar da falakinsa duka da alƙalami, ma'abota hisabi suka daina tsoron ɓacewar abin da suka gani. Da haka aka tabbatar Gasfara yana gama kewaya rana cikin shekara uku da wata uku da 'yan kwanaki, a kan tafarkin da ba cikakken zobe ba ne, ta yadda idan ya kusanto tazararsa da rana takan kai kimanin kilomita miliyan 275, idan kuwa ya nisanta sai ta doshi miliyan 390. Kuma bisa ƙa'idar da masanin taurari Kefla ya bayyana tun tuni, yakan ƙara sauri in ya matso, ya sassauta in ya yi nisa. Hatta juyawarsa a kan kansa, sa'a bakwai, daga hawa da saukar haskensa aka fahimce ta. Shekara 75 ke nan mutane suna iya faɗin inda zai kwana gobe da baɗi, alhali kuwa babu mahalukin da ya san kamanninsa.

Sai ran 29 ga Oktoba, 1991, kumbon Amurka mai suna Galileo, a kan hanyarsa ta zuwa Mushtari, ya gifta shi da tazarar kilomita 1,600, ya iske shi daidai inda lissafi ya ce. Hotunan ma da jinkiri suka iso, saboda babbar eriyar kumbon ta ƙi buɗewa, mafi yawansu sai a 1992. Abin da suka nuna shi ne dutse mai kusurwoyi, marar fasali, duk jikinsa ƙananan ramuka da tsage-tsage, alamar ɓallowa ya yi daga wani da ya fi shi girma bayan mummunan karo. Shi ne dutsen farko cikin irinsa da ɗan Adam ya gani kusa da kusa, kuma ramukan nan nasa, don girmama asalin sunansa, sunayen garuruwan wanka da shan iska na duniya aka ba su.