Ko Kun Sani? Sunan Annabi Nuhu a gidajen da ba a bin addini

Ko kun san cewa sunan da aka fi raɗa wa jarirai maza a Ingila da Wales a 2021 da 2022 shi ne Noah, wato Nuhu? Abin mamaki, a ƙidayar jama'a ta 2021 ɗin, kashi 37 cikin ɗari na mutanen can suka ce ba su bin kowane addini, kuma karon farko ke nan da Kiristoci suka gaza rabin al'umma. A 2023 kuwa Muhammad ne ya karɓe kambun.

Iyayen da ba su taɓa leƙa coci ba, in suka buɗe littafin sunaye da niyyar kauce wa addini, jan aiki ne a gabansu. Jacob Yakubu ne, Joseph Yusufu, David kuma Dauda. In sun tsallake waɗannan, sai su faɗa kan Theodore, wanda a Girkanci yake nufin kyautar Ubangiji. Martin da Dennis ma, da ake ganin ba ruwansu da ibada, daga gumakan Rumawa da Girkawa suka samo asali: Mars da Dionysus. Da yawa dai daɗin sunan a kunne suke bi, ko su yi wa kakan yaron takwara, babu mai tona asali.

Hatta marubucin nan Christopher Hitchens, da ya yi fice wajen sukar addini har ya mutu a 2011, sunansa na nufin "mai ɗauke da Almasihu".