Launi da Tsarin Shafuka a Burauza

Jerin ƙananan shafukan da ke saman burauza ya fara bazuwa ne da Opera, sannan Firefox ta yaɗa shi tun fitowarta a 2004. Internet Explorer ba ta karɓe shi ba sai a 2006. Da Chrome ta fito a 2008, sai ta ɗaga shafukan zuwa can ƙoli, bisa gurbin rubuta adireshi, kuma sauran burauzoji suka bi sahu.

Sauya kamannin burauza iri biyu ne. Mai sauƙin shi ne jigo, wato launi ko hoton da ake shimfiɗawa a bangon da ke bayan shafuka da maɓallai. Mozilla, mai Firefox, ta saka irin wannan cikin Firefox 3.6 a 2010 da sunan Personas. Ɗayan kuwa yakan taɓa ginin manhajar kanta: siffar shafi, faɗinsa da mazauninsa. Firefox ta daɗe tana barin masu ƙirƙira su yi hakan ta ƙarin manhaja yadda suka ga dama, har zuwa Nuwamba 2017, lokacin da Firefox 57 ta rufe wannan ƙofa. Dalilin yana da ƙarfi, domin duk ƙarin da ke iya shiga ko'ina cikin burauza yana iya rage mata sauri ko ya buɗe wa mugu hanya. Duk da haka an yi asara, don jigogi masu yawa da aka sha wahalar ginawa sun daina aiki.

Masu naci har yanzu suna da fayil ɗin userChrome.css, inda ake rubuta umarnin rage tsayin shafi, lanƙwasa gefensa ko ɓoye jerin baki ɗaya. Tun daga Firefox 69 a 2019, sai an kunna shi da hannu a shafin saituna na about:config kafin ya yi aiki, kuma sabuntawa guda tana iya wargaza abin da aka tsara.

Launi ya fi amfani idan yana ɗauke da ma'ana. A 2020 Chrome ta kawo rukunin shafuka: a haɗa na aiki a ba su shuɗi da suna, na karatu kuma kore, sannan a naɗe rukunin da ba a buƙata. Ƙarin Multi-Account Containers na Firefox ya zarce haka, domin layin launin da ke kan shafi yana nuna cewa bayanan shiga asusunsa a ware suke. Mutum zai iya buɗe asusun imel biyu a lokaci guda ba tare da sun cakuɗe ba. Wannan ya fi kowane kyakkyawan hoto daraja, musamman ga wanda yakan buɗe shafuka da yawa har sunayensu su ɓace.

Mazaunin shafukan ma ana sauya shi. Vivaldi, wadda Jon von Tetzchner, ɗaya daga waɗanda suka kafa Opera, ya fitar a 2016, tana barin a ajiye su hagu, dama ko ƙasa. Edge ta kawo jerin gefe a 2021, Firefox kuma a 2025. Allon kwamfuta ya fi faɗi bisa tsayi, saboda haka jerin gefe yana nuna sunayen shafuka sosai. Ta fuskar launi kuwa, jigo mai duhu yana rage cin batir ne a allon OLED, inda ɗigon baƙi yake kashe kansa. A allon LCD fitilar baya tana nan a kunne ko da wane launi aka zaɓa.