Masu gida a kan teku da ganuwar Portobelo

Akwai mutanen da ba su da gida a doron ƙasa. Sun sayi ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, galibi mai tsawon mita 10 zuwa 14, suna yawo daga gaɓa zuwa gaɓa. Ɗaya daga cikin masaukansu a tekun Karibiyan shi ne Portobelo, a ƙasar Panama.

Daga nesa rayuwar sai ka ce hutu, amma wanda ke ciki shi ya san jikinsa. Ruwan sha a tanki yake, da lissafi ake ɗibarsa. Kwanuka da ruwan teku ake wanke su, a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Wutar lantarki sai abin da sola ta tara. Murhu a rataye yake yana lilo don kada tukunya ta kife. In tafiya ta kai dare, miji da mata kan yi karɓa-karɓa, ɗaya na barci ɗaya na gadi, awa uku ko huɗu kowanne. Gishiri kuwa ba ya ƙyale ƙarfe, kullum da abin gyara. Gudun ma bai taka kara ya karya ba: kilomita 10 ko 12 a awa, mai keke sai ya wuce su.

Ladan wahalar a bakin mashigin Portobelo ake samunsa. Mai zuwa a mota ta baya yake shiga ganuwa, ya ga tsohon gini. Mai jirgi kuwa ta inda abokan gaba suka bi yake shigowa, bakunan igwa na kallonsa: ganuwar San Fernando a gaɓar arewa, ta Santiago da ta San Jerónimo a ɓangaren gari. Nan take zai gane dalilin da ya sa aka kafa kowacce a inda take. A ganina ya fi kowa fahimtar wurin.

Turawan Sifaniya sun kafa garin a 1597. A wancan zamani, azurfar Peru ce alfadarai ke tsallako da ita daga birnin Panama, a tara ta nan kafin a loda wa jirage zuwa Turai. Inda dukiya take kuwa, ido na kai. Henry Morgan ya washe garin a 1668, Edward Vernon na Ingila ya ci shi a 1739 da jirage 6 kacal, don haka yawancin abin da ake gani yau bayan harin Vernon aka sake gina shi. Bayi 'yan Afirka sun sha ɗaukar dutse da kaya a nan, jikokinsu kuma har gobe suna garin da kiɗa da rawarsu ta Congo.

UNESCO ta sa ganuwoyin cikin kayan tarihin duniya a 1980. A 2012 ta saka su a jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda rashin kulawa da ɓarnar ruwa.