Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Wayarka? Dakata Kafin A Yi Mata Filashin

Daga cikin abubuwan da ke yawan ɓata wa masu wayoyin zamani rai akwai wannan: mutum ya jona wayarsa da kwamfuta don ya kwashe hotuna, ko ya adana kwafin abin da ke cikinta, ko ya juye kayansa zuwa sabuwar waya, sai alamar caji ta fito a fuskar wayar, amma manhajar da ke kwamfutar ta yi gum. Ko iTunes ce ga mai iPhone, ko Smart Switch ga mai Samsung, ko kuwa Windows ce kawai ta ƙi nuna Tecno ko Infinix, abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne. Mai waya ya yanke cewa wayar ce ta lalace, ya kai ta kasuwa, a ce masa sai an yi mata filashin, wato sake girka tsarin wayar, shi kuma ya amince. A nan ne asarar take. Galibi wayar lafiyarta ƙalau, cikas ɗin yana tsakaninta da kwamfutar, a kebul ko bakin caji ko izini ko manhajar kwamfutar kanta. Filashin ba ya gyara kebul, ba ya fitar da ƙura daga bakin caji, ba ya sabunta kwamfuta. Abin da yake yi galibi shi ne share abin da ke cikin wayar, wato ainihin kayan da aka jona ta don a tsirar.

Tushen ruɗanin shi ne ɗaukar caji a matsayin shaidar cewa kebul yana da kyau. Kebul ɗin USB na yau da kullum yana da siraran wayoyi huɗu a cikinsa: biyu na ɗaukar wuta, biyu na ɗaukar bayanai. Akwai kebul da yawa a kasuwa, musamman gajerun nan da ke zuwa da fawa-banki ko fitila ko abin sauraro na kunne, waɗanda tun daga masana'anta ba a sa musu wayoyin bayanai ba, don a rage kuɗi. Akwai kuma wanda aka yi shi cikakke, amma yawan lanƙwasawa a wuyansa ya tsinke wayar bayanai ya bar ta wuta. Duka biyun za su cika batir, kuma babu wanda zai isar da hoto ko ɗaya zuwa kwamfuta. Da ido ba a bambance su. Saboda haka gwajin farko, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a ari kebul ɗin da aka tabbatar ya taɓa ɗaukar fayil daga wata waya, a gwada da shi. Mai cewa "ai kebul ɗin sabo ne" bai kawo hujja ba, domin sabunta ba ta sa masa wayar da ba a haɗa shi da ita ba.

Bayan kebul sai ramukan da yake shiga. Wayar da ke kwana a aljihu, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke cika ko'ina, bakin cajinta yakan tara ƙasa da zaren tufa, kuma duk sanda aka tura kebul sai ya ƙara danne su ciki har su zama dunƙule. Alamar ita ce kan kebul ba ya shiga har ƙarshe, ko yana rawa, ko sai an karkata shi kafin caji ya kama. A kashe wayar, a haska ramin, a zaƙulo dattin a hankali da tsinken sakace na itace. Allura da fil ba su dace ba, ƙarfe ne, suna iya karce ƙananan haƙoran da ke ciki ko su haɗa wuta. A ɓangaren kwamfuta kuma a canza rami, a cire duk wani abin rarraba USB da ke tsakani, idan kuma babbar kwamfuta ce ta tebur a yi amfani da ramukan baya.

Sai batun izini, wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan waya mai cikakkiyar lafiya take ƙin magana da kwamfuta da gangan. A 2013 wasu masu bincike daga jami'ar Georgia Tech ta Amurka suka nuna a taron Black Hat cewa za a iya ƙera na'ura mai kama da caja wadda ke cusa muguwar manhaja cikin iPhone da zarar an jona ta. A wannan shekarar Apple ya fito da iOS 7, kuma tun daga nan iPhone take tambayar mai ita ko ya amince da kwamfutar da aka jona, ba ta buɗe komai sai ya danna "Trust", a sababbin tsare-tsare ma har sai ya sa lambar sirrinsa. A 2018, da iOS 11.4.1, aka ƙara wani shinge: idan wayar ta wuce awa ɗaya a kulle, hanyar bayanai ta bakin cajinta tana rufewa har sai an buɗe ta. Android ma ta bi wannan sahu. Tun daga Android 6 na 2015, abin da waya ke yi idan aka jona ta shi ne caji kawai, sai mai ita ya buɗe ta, ya jawo jerin sanarwa daga sama, ya taɓa sanarwar USB, ya zaɓi "File transfer". Mutane da dama suna jona waya a kulle, su ajiye ta kife a kan tebur, su zuba wa kwamfuta ido, alhali tambayar tana can a fuskar wayar tana jiran amsa. Idan mai iPhone ya buɗe wayar kuma tambayar ta ƙi fitowa, akwai wurin da ake maido da ita a cikin saitin, ƙarƙashin "General", a shiga "Transfer or Reset iPhone", a taɓa "Reset", a zaɓi "Reset Location & Privacy". A yi hattara a wannan shafi, domin dab da "Reset" ɗin akwai "Erase All Content and Settings", wanda ke share wayar baki ɗaya.

Wani zai ce wannan duk wahalar da mutane ne, me ya hana kamfanoni su bar waya ta buɗe da kanta kamar ƙaramin ma'ajin USB? Amsar tana nan a rumfunan cajin waya da ke kasuwanninmu da tashoshin mota, inda rashin wuta ke sa mutum ya bar wayarsa awa biyu ko uku a hannun wanda bai sani ba. Da babu wannan tambayar, duk wanda ya soka mata kebul ɗin kwamfuta zai iya leƙa hotunan iyali da takardu. Wannan shingen kariya ce, kuma ya kamata a ɗauke shi da muhimmanci: kada a danna amincewa a kwamfutar shagon intanet ko ta wanda ba a yarda da shi ba, kuma idan wurin caji ne kawai amma tambayar ta fito, a ƙi, a zare waya.

Idan kebul da rami da izini duk sun fita daga zargi, sai a juya kan kwamfutar. Windows tana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba kafin ta san yadda za ta yi magana da kowace na'ura. A buɗe "Device Manager" sannan a jona wayar. Idan jerin ya motsa, wani sabon suna ya bayyana da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a gefensa, to kwamfutar ta ji shigowar wayar, direban ne ya ɓace ko ya lalace, kuma cire shi a sake jonawa ko sake girka manhajar kamfanin yakan warware. Idan jerin bai motsa ko kaɗan ba, a koma kan kebul da rami. Akwai kuma matsalar tsufa. Tsohuwar iTunes ba ta gane sabuwar iPhone, kuma kwamfutocin da ke kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina tallafa wa tun Janairun 2020, ba su ɗaukar sababbin manhajojin Apple. A kwamfutar Mac kuwa, tun macOS Catalina na 2019 babu iTunes gaba ɗaya, a gefen tagar Finder wayar ke fitowa, don haka mai neman ta a wani wuri zai yi ta nema. Mac ɗin kuma ba ta buɗe ma'ajiyar wayar Android sai an sa mata manhajar da ke yin hakan. Abin gudu a wannan mataki shi ne shafukan da ke tallar "direban kowace waya kyauta", yawancinsu tarko ne na cusa miyagun manhajoji. Daga shafin kamfanin wayar ko rumbun Microsoft kaɗai ya kamata a sauke.

Babbar hujjar masu goyon bayan filashin ita ce sun ga an yi, kuma wayar ta dawo tana haɗuwa da kwamfuta. Hakan na faruwa, amma a duba yadda aikin yake. Mai gyara yana yin filashin ne ta hanyar jona wayar da kwamfutarsa, ta wannan bakin cajin dai, da kebul ɗinsa mai kyau da direbobinsa cikakku. Ke nan da zarar kwamfutarsa ta ga wayar, ya riga ya tabbatar da cewa bakin cajin yana ɗaukar bayanai, kuma akwai yiwuwar laifin yana can gida, a kebul ɗin mai waya ko kwamfutarsa. A wannan lokacin abin da ya dace shi ne a fara gwada kwashe kayan, tun da hanya ta buɗe. Wanda ya wuce kai tsaye zuwa sharewa ya rushe ɗaki ne don mukulli ya ƙi juyawa. Kada kuma kowa ya dogara da alkawarin cewa za a dawo da bayanan daga baya. Wayoyin yanzu suna adana komai a kulle da mabuɗin sirri na cikin gida, kuma sharewa tana lalata mabuɗin, abin da ya rage ba mai iya karanta shi. Ga kuma wani rami a gaba: bayan sharewa iPhone takan nemi kalmar sirrin asusun Apple, Android kuma ta Google, tsarin da aka yi don karya kasuwar wayoyin sata. Mutumin da yaron shago ya buɗe masa asusu ranar da ya sayi waya, bai kuma taɓa sanin kalmar sirrin ba, yana iya rasa hotunan, sannan wayar ma ta kulle masa.

Wannan ba yana nufin masu gyara ba su da amfani, ko waya ba ta taɓa zama mai laifi ba. Ruwa yakan ci haƙoran bakin caji, faɗuwa takan karya su, kuma a irin wannan hali caji na iya ci gaba da shiga alhali hanyar bayanai ta mutu. Alamar ita ce an gwada kebul biyu ko uku masu kyau da kwamfuta fiye da ɗaya, babu wadda ta ji shigowarta. Gyaran nan na hannu ne, canza bakin caji ko ƙaramin allon da yake zaune a kai, kuma ba ya buƙatar a share komai. Haka nan idan iPhone ta maƙale a tambarin kamfani aka sa ta a yanayin ceto, kwamfuta takan ba da zaɓi biyu, "Update" da "Restore". Na farko yana ƙoƙarin sake girka tsarin ba tare da taɓa kayan mutum ba, na biyu yana share komai. Mai gyaran da ya san aikinsa da na farko yake farawa, kuma ba zai ji haushi ba idan aka tambaye shi wanne zai danna.

Masu cewa zamanin kebul ya wuce tun da akwai Xender da ma'ajiyar intanet suna da gaskiya ta wani ɓangare, kuma waɗannan hanyoyin ne ma ya kamata a bi a tsirar da kaya muddin wayar tana kunnuwa. Sai dai iCloud gigabait 5 yake bayarwa kyauta, Google kuma 15, waɗanda bidiyon biki ɗaya ko biyu ke iya cinyewa, ga tsadar data. Kwafi a kwamfuta ko katin memori har yanzu shi ne mafi sauƙi ga yawancin mutane.

Don haka, mai karatu, kafin wayarka ta bar hannunka zuwa teburin gyara, ka juye hotuna da lambobi da takardu zuwa wani wuri ta kowace hanya ta samu, ka tabbatar ka san kalmar sirrin asusunka na Google ko Apple, ka cire katin memori da layinka. Idan aka ce maka sai filashin, ka nemi a fara jona ta da kwamfutar shagon a gabanka, kuma ka faɗa da bakinka cewa ba ka yarda a share komai ba sai an tambaye ka.