Jango, Kaboyin da Ya Zo a Ƙasa

A Issawane, ko a kasuwar Mayahi, in aka ga mutum ya saɓo sirdi a bayansa babu doki, tambaya ɗaya ce: wa ya ƙwace maka? To haka Franco Nero ya shigo fim ɗin Django a 1966. Yana tafe a ƙasa cikin taɓo, sirdi a baya, yana jan akwatin gawa da igiya. Sai da mahaya suka cika gari sannan ya ɗaga murfin, ashe babbar bindiga ce a ciki, ta yi ta aman wuta.

Da yawa daga masu kallon namu sun ɗauka Nero, wato Jango, Ba'amurke ne. Ɗan Italiya ne, haifaffen yankin Parma a 1941, kuma Sergio Corbucci da ya shirya fim ɗin shi ma ɗan Italiya ne. Nero bai cika shekara 25 ba lokacin. A ganina abin da ya ɗaga shi ba harbi ba ne, wahala ce. A ƙarshen fim an farfasa masa hannuwa da gindin bindiga da kofaton dawakai, ya je maƙabarta ya jingina ƙaramar bindigarsa a kan alamar wani kabari, haka ya gama da maƙiyansa. Ingila ta hana nuna fim ɗin har 1993 saboda zubar da jini. Sunan kuwa ya zama gonar kowa: finafinai fiye da 30 sun laƙaba shi, amma Nero sau ɗaya kacal ya sake fitowa a matsayin Jango, a 1987. A tsakani ya yi fim ɗin Keoma a 1976, sannan ya leƙo ɗan lokaci a fim ɗin darakta Tarantino na 2012.

A wannan 1966 ɗin dai Moustapha Alassane ya shirya fim ɗin kaboyin Nijar, Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da malafuna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Da sanya kayan sai suka zubar da sunayen yanka, Djingarey Maïga ya koma Black Cooper, Zalika Souley ta koma Reine Christine, suka hau dawakai suka hana ƙauyensu sakat. Alassane ya gane cewa kaboyi sutura ce, wanda ya sa ta shi ne. Abin da 'yan Italiya suka yi wa Amurka ke nan, shi kuma ya yi shi da dawakanmu.

Ladan dai bai zo ɗaya ba. Nero ya ci gaba da fitowa a finafinai har tsufansa. Zalika kuwa ta sha tsangwama a gida saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu. Ta rasu a 2021.